Turakun Mai Awo

Ni na kafa turakun farko,
shekara talatin da ɗaya ke nan, a tsaunukan Vermont,
ganye ya yi jajawur kamar an hura wa daji wuta.
Armand Thibault na biye da ni da guduma,
Lucille, matarsa, ta riƙe bakin igiyar awo.
Eka ɗari da sittin: fadama, makiyaya, gangaren dutse,
da itatuwan mepul da ake tatsar zaƙinsu in sanyi ya fara saki.

A teburin girkinsu lauya ya karanta takarda:
sun sallama haƙƙin gini, su da duk mai gadonsu,
ciyawa da shanu da tsuntsu su ci gaba da zama.
Ya zo kan kalma biyu ya ja numfashi: har abada.
Armand ya ce a maimaita masa.
Aka maimaita.
Ya danna alƙalami har ya huda takardar.

Tun daga nan, kowace kaka,
ƙungiyar amanar ƙasa kan turo yarinya da kyamara
ta ɗauki hoton abin da bai canza ba.
Armand ya rasu, dillalai suka yi ta zarya,
Lucille ta ba su shayi, ta nuna musu ƙofa.

Sai kogi ya tashi cikin Yuli, da dare.
Ya haɗiye gada, ya naɗe kwalta kamar tabarma.
Kwana tara garinmu a yanke.
Motar asibiti na hayin can tana walƙiya a banza,
mu huɗu muka ɗauko Everett Dunklee a kan ƙyauren ƙofa,
bai kai bakin ruwa ba.
Kafaɗata ta hagu ba ta manta ba.

Hukuma ta ce titi zai bar kwari ya hau tudu.
Gaskiya ta faɗa.
Suka shimfiɗa taswira suna neman inda ba rufi,
ba shago, ba wanda za a tasa,
inda ƙasa ta fi araha don an daɗe da hana ta gini.
Yatsa ya sauka a kan koren wuri.
Kiwon da aka yi mata shi ya nuna ta.

A kotu alƙali bai ɗaga murya ba.
Ya ce alkawarin ya ɗaure mai gona,
ya ɗaure magaji, ya ɗaure mai saye,
amma ba a saƙa igiyar da wuyan hukuma a ciki ba.
Aka ƙirga diyya, aka raba ta biyu,
kashi ga gwauruwa, kashi ga ƙungiya,
ba a ware na mujiyar da ke kwana a can ba.

Wa za a aika ya shata hanyar?
Wanda ya san wurin.

Jiya na koma da jan ƙyalle a aljihu.
Yanzu ba igiya, na'ura ce ke tambayar tauraron ɗan'adam.
Takalmina ya yi tuntuɓe da ƙarfe cikin gansakuka:
turkena ne, da lambata a kansa, bai ko karkace ba.
Jikata Marnie za ta bi wannan titi a motar makaranta,
na gaya wa kaina haka sau uku
kafin in ɗaura ƙyallen farko.

Lucille ta hauro da sanda, shekara tamanin da huɗu,
ta tsaya tana huci, ta dubi ƙyallayen.
Ta ce, "Orrin, ma'auninka ne ya ragu, ko abadar?"
Na duƙa ina gyaran abin da bai ɓaci ba.

Ba ta yi kuka ba. Ƙirga ta yi.
Arba'in da uku cikin layin,
kowanne da tabon hujin Armand a jikinsa.
Ta shafa na ƙarshe, ta ce,
"Ka roƙe su su bari sai bayan Maris,
in tatse su sau ɗaya."

Na ce zan roƙa.
Takardar aikin na ninke a aljihun ƙirjina.
Motocin sara za su iso ran goma ga Fabrairu.